Inshorar lafiya: asusu ɗaya da zai bi mutum duk inda ya je

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Ta maye gurbin NHIS da aka ƙaddamar a 2005, wadda galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka ci moriyarta. Amma har yanzu masu inshora ba su wuce mutum miliyan 20 da ɗan wani abu ba, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Mu 'yan kara mun san fassarar wannan: a sayar da sa a gaggauce, a farashin da mai saye ya ga dama.

Matsalarmu ta fi ta kowa, don an rarraba tsarin jiha-jiha. Legas na da Ilera Eko, Oyo na da OYSHIA, Neja na da NiCare, Kano na da KSCHMA. Kowanne da asusunsa, da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su. To ɗan tireda fa? Mutumin da iyalinsa ke Izom, shi kuma wata biyu a Akinyele ta Ibadan, sati uku a Lokpanta, wace jiha zai yi wa rajista? Kai, ko a nan gida, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin Suleja, Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ake nufa, kuma wannan ƙasar Abuja ce, ba Neja ba. Ga mazauna Sabo da Agege da Ama Hausa kuwa, duk abin da ya rataya a kan "kai ɗan ina ne" mun san yadda yake ƙarewa.

Shi ya sa nake ganin asusu ɗaya na ƙasa baki ɗaya shi ne mafita. Kuɗin ya fito daga haraji, katin ya zama lambar NIN, asibiti a Fatakwal ko Minna ya duba mutum sannan ya aika wa asusun lissafi. Ghana ta kama wannan hanya tun 2003, da ƙarin kashi 2.5 a kan harajin kayan masarufi, kuma kati ɗaya ne daga Kumasi har Tamale. Hikimar a nan take: ba sai kana da albashi ba. Mai shayi da mai wankin takalmi ba wanda zai iya cire musu kaso a ƙarshen wata, amma duk suna sayayya.

Akwai kuma kamfanonin HMO da ke tsakanin asusu da asibiti. Ni ɗan gidan fatauci ne, ba na raina dillali. Sai dai dillalin da ribarsa ke ƙaruwa idan bai amince a yi maka aiki ba, wannan kam ba naka ba ne.

Masu cewa za a wawure kuɗin suna da hujja. Asibitocin Ghana sun sha kukan watanni ba a biya su ba. Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta a 2006, bashi ya taru wa gwamnati har magani ya riƙa yankewa. Amma asusu ɗaya ya fi sauƙin sa wa ido a kan talatin da bakwai.

Tushen ma akwai shi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don asusun BHCPF. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafi a 2001, mu kuwa wajen kashi 5 muke ta kewayawa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara su fara da buƙata ɗaya idan 'yan takara sun zo neman ƙuri'a: katin da aka yanka a Neja ya yi aiki a Legas.