Gwanjon Zangon Iska da Rabon Mutanen Karkara

Duk wanda ya girma yana murɗa akwatin rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. A kan irin waɗannan zanguna ne wayar salula take ɗaukar murya da intanet, kuma kamar fili suke: suna da iyaka, hukuma ce ke yanka su, kamfani biyu ba sa zama a fuloti ɗaya.

A watan Disamba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon 3.5GHz domin fasahar 5G. MTN da Mafab suka yi nasara, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Aka yi ta murna an cika baitulmali, kamar yadda aka yi a 2001 lokacin da aka sayar da lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne.

Ni dai murnata ragaggiya ce. Kamfanin da ya zuba wannan dukiya tun kafin ya kafa turke ko ɗaya, a ina zai fara neman mayar da kuɗinsa? A Legas da Abuja da tsakiyar Kano, inda masu sayen data suke cunkushe. Ga shi kuma zangon 3.5GHz, duk da yawan kayan da yake ɗauka, ba ya cin dogon nisa, bango ma yana rage masa ƙarfi. Bai dace da ƙauyukan da ke warwatse a Yobe ko Zamfara ba, inda har yau mutum kan hau tudu kafin ya samu sabis.

Abin da karkara ke buƙata shi ne zanguna na ƙasa-ƙasa, irin su 700 da 800MHz, waɗanda turke ɗaya yake watsa su nesa. Tashoshin talabijin na tsohon yayi ne suka daɗe a wannan yanki, shi ya sa ƙasashe suka amince a koma tsarin dijital kafin 17 ga Yuni, 2015, don a samu sarari. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba. An ƙaddamar da gwaji a Jos a 2016, daga nan aikin ya koma tafiyar hawainiya.

Da za a ji shawarata, gwamnati ta daina kallon zango a matsayin saniyar tatsa. A 2021 Brazil ta sayar da nata na 5G, amma mafi yawan farashin ta karɓe shi ne a matsayin alkawarin kai sabis garuruwa da manyan hanyoyi. Mu ma a gwanjo na gaba a sassauta kuɗi, a rubuta sunayen ƙananan hukumomin da dole a kai wa sabis, da ranar kammalawa. Kamfanin da ya riƙe zango ya bar shi ba aiki, a karɓe a ba wani, ko a tilasta masa raba shi da ƙananan kamfanoni masu niyyar shiga ƙauye.