Filin Mata: Ina Za Mu Ci Abinci In Mun Shiga Birni?

Wata uwargida daga Dangoma ta rubuto mini, ta ce ta kan kai ɗanta asibiti a Birnin Kebbi, su fita da sassafe ba su komo ba sai la'asar sakaliya, su wuni ba su sa kome a baka ba. Kunya ta hana ta ci a idon mutane, tsoron ciwo kuma ya hana ta saya wa yaron. Ta ce, "Malama, ina dabara?"

To, 'yar'uwa, kunya ado ce ga mace, amma da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Tun da Birnin Kebbi ya zama hedkwatar jiha a 1991, tafiya ta ƙaru gare mu, ga asibiti, ga kasuwa, ga ziyarar 'ya'ya a makaranta. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ma tana nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, 'yan matanmu na karatu a ciki. Wadda ke irin wannan zirga-zirga lalle ta san inda za ta ci.

Shi tsoron ciwo kuwa yana da dalili. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da a ke zaton amai da gudawa ya kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kebbi na cikin inda abin ya shafa. Ta ruwa da abinci marasa tsabta cutar ke shiga ciki.

Ga shawarata. Da fari, ki nemi abin da a ke sauke wa daga wuta a gabanki. Masa daga tanda, ƙosai daga mai, ɗanwake daga tukunya, kifin da a ke soyawa kina tsaye, duk zafi ya kashe ƙwayar cuta a cikinsu. Abin da za ki yi hattara da shi shi ne wanda ya huce: dafa-dukar da ta wuni a kwano, kwaɗon zogale da aka haɗa tun safe, yankakkiyar kankana da ƙuda ke bi, zoɓon ƙulli da ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba.

Na biyu, ki dubi inda jama'a suka yi yawa. A tashar Kalgo, ko kasuwar Jega, ko bakin asibiti, mai tuwon da mutane ke jira, tuwonta ba ya kwana. Tuwon shinkafarmu ta fadama da miyar kuka mai tururi ya fi naman da aka ɗumama sau uku.

Na uku, kafin ki leƙa tukunya, leƙa ruwan wanke-wanke. In bokiti guda ne tun hantsi, ya yi kauri, yi sallama ki wuce. Ki lura kuma ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke taɓa abinci. Fura da nono abincin matafiyi ne, sai dai ki sa a dama miki da ruwan da kika yarda da shi. Guntun sabulu da cokalinki ba su da nauyi a jaka.

Maganar kunya kuwa, masu tuwo da yawa suna da rumfa ta ciki. Ki ce, "Inna, a ba mu wuri daga ciki," ba za ta ƙi ba. In babu, a zuba miki a kwanonki, ki sami inuwa ku ci.

'Yan makaranta, ga abin ƙari. Masara da barkono da tumatir da mu ke miya da tuwo da su, daga ƙasar Meksiko da maƙwabtanta suka fito, Turawan jirgin ruwa suka kawo su Afirka bayan shekarar 1500. A babban birninsu, watau Birnin Meksiko, ma'aikata da yawa a kasuwa da bakin titi su ke cin abincin rana. Mata na gasa wata 'yar waina ta masara a kan faifan ƙarfe ko na yumɓu, a naɗe nama ko wake da yaji a ciki. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkinsu cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Shawarar da a kan ba baƙo a can ita ce dai tamu: ci mai zafi, ci inda layi ya ke.

Ku kuma masu sayarwa a cikinmu, ku rufe abinci, ku riƙa sake ruwan wanki, domin cikin 'ya'yan mutane amana ce a hannunku. In kuwa yaro ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, kada a jira gobe.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa, za mu yi zancen guzurin da ba ya lalacewa a hanya.