Ba Kowane Aikin Lambu Ake Bayarwa Kwangila Ba

Duk lokacin da wani wurin shaƙatawa na gwamnati ya lalace, maganin da aka fi saurin kawowa shi ne a miƙa shi ga ɗan kwangila, wai ya fi araha. A takarda haka abin yake, domin gwamnati ta huta da albashi da fansho, musamman tun da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Sai dai lissafin bai cika ba. A cikin kuɗin kwangila akwai ribar kamfani, akwai harajin VAT na kashi 7.5, akwai kuma albashin jami'in da zai bi sawun aikin, in ma an tura shi. Leburan da zai riƙe tsintsiya ragowa yake samu, shi ya sa ba ya daɗewa.

Aikin wuri irin Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano na kullum ne. Bishiya ba ta jiran a saki kuɗin zango na biyu kafin ta sha ruwa a watan Afrilu, zaki ma haka. Da zarar biya ya yi jinkiri, abin da ya zama ruwan dare, ɗan kwangila janye yaransa yake yi, kuma shukar da aka yi shekara goma ana reno sai ta bushe cikin makonni. Wannan asara ba ta fitowa a kowane kasafi. Tsohon ma'aikacin wurin kuwa ya san inda bututu yake yoyo.

Za a ce ma'aikatan gwamnati ba sa aiki, wasu ma na bogi ne. Gaskiya ne, amma hukumar da ta kasa sa ido a kan mai sharar da take biya, yaya za ta sa ido a kan kamfanin da yake da uwa a gindin murhu? Za a kuma kawo misalin Millennium Park na Abuja, wanda kamfanin Salini ya gina, Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2003. Amma wannan lambu a Maitama yake, a idon manya, gatan da lambun ƙaramar hukuma ba shi da shi.

Gyaran rijiyar burtsatse, lantarki da lilon yara, waɗannan a ba ƙwararru kwangila, a fili, da wa'adi. Shara, ban ruwa, yankan ciyawa da ciyar da dabbobi kuwa su zauna a hannun ma'aikatan dindindin, kuma a bar wani kaso na kuɗin ƙofa a wurin don sayen kayan aiki.