Maganin Olsa Da Masu Gudun Alkama: Ina Haɗarin Yake?

Waɗanda likita ya hana cin alkama, da waɗanda suka hana kansu, suna yawan tambaya: maganin ƙwannafi da muke saya a kemis, irin su Gestid, Gaviscon da farin ruwan nan Mist Mag, akwai gulutin a cikinsa?

Gulutin sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir. Yana cikin burodi, taliya, gurasa, funkaso, alkaki, har da semovita da wasunmu ke ɗauka garin masara ce. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da shi, sai dai in mai ɗan wake ko mai masa ta ƙara fulawa ba ta faɗa ba. Ga mai cutar siliyak, gulutin yana lalata bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina kama jiki.

Abin da ke kashe zafin ciki a waɗannan magunguna, wato gishirin magnesiyom, alminiyom ko kalsiyom, bai haɗa hanya da alkama ba. Abin dubawa shi ne sitacin da ake ɗaure ƙwaya da shi, kuma yawanci na masara ne. A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta ƙiyasta cewa ko an sami gulutin a ƙwaya, da wuya ya wuce rabin miligiram. Yankan burodi ɗaya ya ninka haka sau dubbai. Duk da haka a sayi mai lambar NAFDAC, a cikin kwalinsa, a duba takardar ciki ko an rubuta wheat starch. Ƙwayar da aka ƙirga mana a leda a tasha ba ta da takardar da za a duba.

A ganinmu haɗarin yana wani wurin. Mu duk ciwon ciki olsa ne. Mutum zai shekara uku da kwalba a mota, wata a ofis, wata a gefen gado, yana fama da kumburin ciki da zawo da rama, bai taɓa yin gwaji ba. Maganin yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya kashe ƙwayar cutar H. pylori da ke jawo yawancin olsar gaskiya, ba ya kuma gyara hanjin mai siliyak. Ga wani abin: yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, alhali ƙarancin jini na cikin manyan alamun siliyak. An gudu ba a tsira ba kenan.

Su kuma masu barin alkama don wani bidiyo da suka gani a waya, su sani gwajin jinin siliyak yana buƙatar a yi shi mutum na cin alkamar. In an daina da watanni, sakamako na iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Gwaji ne farko, canjin tuwo ya biyo baya.

Wanda ya kai mako biyu yana shan maganin ƙwannafi kullum, ya nemi likitan ciki a Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Baƙin bayan gida, aman jini ko wahalar haɗiya kuwa ba sa jiran gobe. Mai hawan jini ya gaya wa mai haɗa magani, don wasu na ɗauke da gishiri mai yawa. Mai shan maganin ƙarin jini, musamman mata masu juna biyu, a bar tazarar awa biyu tsakanin magungunan.