Karen Garke Da Haƙƙinsa A Kanmu

Duk shekara idan an gama yankan riɗi da dawa a nan Simsim, garkunan shanu sukan gangaro daga Butana su shiga cin kara. A gefen garken akwai kare, wanda yaranmu ke jifa, mu manya kuma mu kau da kai. Yau a kansa za mu yi magana.

Kiwo da kare tsohuwar al'ada ce. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye da Fulani sun daɗe da wani dogon kare siriri mai tsare zango daga kura da dila. A Jamus kuwa, mahautan garin Rottweil sun riƙa kora shanu kasuwa da wani ƙaton kare mai kai kilo 50, har jirgin ƙasa ya karɓe masa aikin a ƙarni na 19. Halinsu ɗaya ne: biyayya ga maigida da rashin sakin jiki da baƙo. Kwikwiyon da ya tashi cikin maruƙa, ya saba da mutane, yakan natsu. Wanda aka ɗaure a rana ana tsokanarsa, shi ke zama mai cizo.

Hadisai sun yi rangwamen ajiye kare don kiwo da noma da farauta. To, wanda ya ajiye ya ɗauki amana: ruwa, inuwa, abinci, da cire masa kaska. Ranar yanka kada mu jefa masa hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa, domin ƙwan tsutsar yakan biyo kashinsa ya shiga cikin yaranmu.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Saboda haka a kai kare wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko barkono. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Iyaye, mu hana yara jifar karen makiyayi ko kusantar wanda yake cin abinci. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.