Jakar Goyo da Hanyar Gwanja: Shirin Doguwar Tafiya a Matsayin Ɓangaren Nazarin Hausa

Gabatarwa

Tun a shekarar farko muke sanar da ɗalibanmu cewa Hausa ta bazu har Gana da Togo da Kamaru da Chadi da Sudan. Da alfahari muke faɗin haka, amma idan lokacin rubuta kundin digiri ya yi, sai a ga akasarin batutuwan ba su wuce garuruwan da ke kewaye da jami'a ba. Hausar zango-zango ta zama abin da muke ambata a gabatarwa, mu kafa hujja da ayyukan da wasu suka yi shekaru aru-aru, mu wuce. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata sassan Hausa su riƙa tura manazarta doguwar tafiya ta ƙasa zuwa waɗannan al'ummomi, da jakar goyo a baya, su kuma koyar da shirin tafiyar kamar yadda suke koyar da dabarun bincike. Za a ɗauki hanya guda a matsayin misali, wato daga Kano zuwa Salaga da ke arewacin Gana, inda magabata ke kira Gwanja.

Dalilin bin ƙasa

Mai tambaya zai ce jirgin sama yana kai mutum Akra cikin yini guda, mene ne na wahalar mota? Amsar tana cikin abin da ake nema. An daɗe da lura cewa a Hausar Gana bambancin jinsi ya raunana, har ana iya cewa "ya zo" alhali mace ake nufi, kuma baƙaƙe masu ƙugiya kan koma b da d da k a bakin masu magana da yawa. Wanda ya sauka daga jirgi zai ji wannan a Nima ko Sabon Zango, ya rubuta. Abin da ba zai ji ba shi ne yadda harshen ke sauyawa daga tasha zuwa tasha: a ina aron Faransanci ke karɓar wurin na Ingilishi, a ina kalmomin Tuwi ke fara kutsowa, su wane ne ke riƙe da tsohon lafazi, su wane ne suka sake shi. Irin wannan sani yana samuwa ne a tashar mota da rumfar mahauta da zauren da aka kwana. Manazarcin da ke jan akwatuna uku yana neman otal ba ya isa waɗannan wurare, ko ya isa ma a matsayin baƙon kallo zai zauna.

Darasi daga fatake

Shirin doguwar tafiya tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa. Mahdi Adamu a littafinsa The Hausa Factor in West African History (1978) da Paul Lovejoy a Caravans of Kola (1980) sun bayyana yadda ayarin goro yake da tsari. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana tattara abin da za a biya masu ƙasa, malamin ayari yana riƙe da lissafi. Ayari kan ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yendi kafin ya isa Salaga, tafiyar watanni. Ba a tashi sai an san zangon da za a sauka da maigidan da zai karɓi baƙi.

Matafiyi mai jakar goyo shi ne madugun kansa, shi ne jagaba, shi ne malamin lissafi. Ayyukan da mutum huɗu suke rabawa sun taru a wuyansa, don haka dole ya gama mafi yawansu tun yana gida. Wanda ya bar su sai ya hau hanya zai kashe kwanakin bincikensa a bakin tagar jami'an shige da fice.

Hanya da lokaci

Farkon shiri shi ne a yarda cewa taswirar tarihi daban, taswirar yau daban. Wani yanki na tsohuwar hanyar yana ratsa wuraren da ke fama da hare-haren 'yan bindiga: arewacin Jamhuriyar Benin, da yankin Savanes na Togo wanda ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022. Sha'awar taka sawun fatake ba ta kai a sa ran ɗalibi cikin haɗari ba. Hanyar da hankali zai ɗauka ita ce ta gaɓar teku: Kano zuwa Legas, a ƙetare iyaka a Seme zuwa Kwatano, a wuce Lome, a shiga Gana ta Aflao, sannan Akra da Kumasi. Daga Kumasi ana iya bi ta Yeji a hau jirgin fito a ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, a ƙarasa Salaga, ko kuma a zagaya ta Tamale. A kusan kowane ɗayan waɗannan garuruwa akwai zango, ke nan hanyar kanta fagen bincike ce.

Fatake da rani suke tafiya, kuma dalilinsu bai gushe ba. Daminar arewacin Gana tana kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin da hanyoyin burji ke lalacewa, sauro kuma ya yi yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa. Sai a duba kalandar Musulunci: azumi yana rage lokacin hira da rana, amma yana buɗe ƙofar wuraren tafsiri, inda ake jin Hausar malamai. Kowace manufa da watan da ya dace da ita.

Takardu da lafiya

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasa mamba ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan ya shafi Benin da Togo da Gana. Sharaɗin shi ne a riƙe ingantacciyar takardar tafiya, a kuma tabbatar an buga hatimin shiga a kowace iyaka, domin wanda ya bi bayan fage a kan babur zai gane kurensa ranar fita. Mai shirin wuce kwana 90 a ƙasa ɗaya sai ya nemi izinin ƙarin wa'adi kafin nasa ya ƙare. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025, saboda haka duk wanda hanyarsa za ta bi ta can, ko ɗalibin da ke riƙe da fasfon Nijar, ya binciki ƙa'idar da ke aiki a ranar tafiyarsa.

Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai shiga Gana. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Rigakafin sanƙarau ma abin nema ne ga mai tafiyar rani. A haɗa da gidan sauro da maganin zazzaɓi bisa shawarar likita. Takarda ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa, ita ce wasiƙar gabatarwa daga sashe, a rubuce da Ingilishi da Faransanci. Mutumin da ke yawo da na'urar naɗar murya yana tambayoyi a kusa da iyaka, a wannan zamani na zargi, yana bukatar abin da zai nuna.

Guzuri da kaya

Tafiyar tana ratsa kuɗi iri uku: naira da sefa da sidi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira da sidi kuwa suna hawa da sauka, don haka kasafin da aka yi da naira watanni uku kafin tashi yana iya zama labari. A lissafa kuɗin kwana da abinci da mota na yini guda, a ninka da yawan kwanaki, a ɗora sulusi a kai don abin da ba a zata ba, a kuma ware kuɗin komawa gida wanda ba a taɓawa ko da me ya faru. Kada a tara guzuri a aljihu ɗaya. Ko lissafin kuɗin ma darasin harshe ne: Bahaushen ƙasashen sefa da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, ke nan idan ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi.

Dangane da kaya, ƙa'idar da masu doguwar tafiya ke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12. Tufafi kala uku sun isa, tunda ana wanki a ko'ina. A cikinsu a sa riga da hula na mutunci, ko mayafi na kirki, domin ba a shiga gaban sarkin zango da shigar ɗan yawon buɗe ido. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Littattafai a ɗauke su a waya, a bar wa littafin rubutu da alƙalami wurinsu. Abin da ya fi komai daraja a jakar shi ne muryoyin da aka naɗa, don haka duk dare a kwafe su wuri biyu, a tura ta intanet idan an samu hali. Kafin ranar tashi, a goya jakar cike a yi tafiyar awa biyu a cikin gari. Abin da kafaɗa ta ƙi, a sauke shi.

Mai masauki

Fatake ba su sauka a gari sai ta hannun maigida, kuma wannan tsari yana nan da ransa. Tun watanni kafin tafiya ya kamata a nemi wanda zai gabatar da manazarci ga sarkin zango ko limami a kowane gari, ta hanyar 'yan kasuwa ko malamai ko abokan aiki na jami'o'in can. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, kuma ba a tunkarar irin wannan wuri ba tare da an rubuto tun da wuri ba. Karatu ma shiri ne. Wanda bai san yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar garin ba, har malamai irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, suka koma Kete-Krachi, zai isa Salaga yana neman abin da ya daɗe da ƙaura. A tanadi ɗan abin gaisuwa, a nemi izini kafin a naɗi muryar kowa, a kuma yi alkawarin da za a iya cikawa kawai.

Uzurorin da ake kawowa

Uzuri na farko kuɗi ne. Gaskiya ne tafiyar wata biyu ba ta arha, amma mai bin motar haya yana kwana a zango ya fi mai jirgi da otal sauƙin kashewa nesa ba kusa ba, kuma sashen da ke iya ɗaukar nauyin taro yana iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya a shekara. Na biyu shi ne cewa bidiyoyin Facebook da TikTok sun kawo mana Hausar Gana har gida. Sun kawo muryar matasan birni masu waya; tsohuwar da ke sayar da koko a Yeji ba ta cikinsu, kuma a bakinta tsofaffin kalmomi suke. Na uku shi ne tsaro, musamman ga ɗalibai mata. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma maganinta tsari: a tafi bibbiyu, a guji tafiyar dare, a sanar da mai duba aiki inda aka kwana kullum. Hana mata zuwa yana nufin rufe ƙofar cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga, alhali a can ake koya wa yara harshe.

Kammalawa

Shawarar da ake bayarwa mai sauƙi ce. A sanya shirin tafiyar bincike a cikin darasin dabarun bincike na matakin digiri na biyu da na uku, inda kowane ɗalibi zai gabatar da hanya da kasafi da jerin takardu da sunayen masu masauki, a auna shi kamar yadda ake auna tsarin kundi. Sashe kuma ya buɗe kundin ajiya, duk wanda ya dawo ya rubuta abin da ya tarar a kowace iyaka da kowane zango, don na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Dattawan zango da suka ji labarin ayari daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk shekarar da muka jinkirta, akwai kalmomi da labaran da ake binnewa tare da masu su.