Suna Ɗaya, Rubutu Barkatai: Shawara Ga Ma'abota Takardu A Ƙasar Kabi

Duk wanda Allah ya hore wa zama da takardun ƙasar nan, ko na tarihi ko na ofis, ya san irin saɓanin da ke tsakanin marubuta a kan yadda ake rubuta suna ɗaya, saɓanin da ya samo asali tun ranar da aka fara ɗauko sunayenmu daga bakin mutane da kuma ajami ana zuba su cikin boko. Daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, ya gina mata birnin Surame, mu Kabi muke ce mata, amma gwamnati Kebbi take rubutawa, kuma da haka aka raɗa wa jiha suna a 1991. Bature Barth, da ya sauka Gwandu a 1853 har ya sami kwafin Tarihin Sudan a can, Gando ya rubuta a littafinsa. Balle a zo ga Muhammadu, wanda kowane akawu ke rubutawa gwargwadon makarantar da ya yi.

Can da, sa'ad da ake bin takarda shafi shafi da ido, wannan bai zama illa ba, domin ido yana da hankali a bayansa, ya ga Gando ya san Gwandu ake nufi. Amma yanzu da littattafai da rajistoci suka koma cikin kwamfuta, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, zai buɗe littafi mai shafi ɗari biyar, ya buga kalma ɗaya a akwatin nema, na'ura ta ce babu, shi kuwa ya ɗauki wannan “babu” ya mai da ita hujja, har ya rubuta cikin kundinsa cewa mawallafi bai ambaci garin ba, alhali kuwa ya ambace shi a wurare da dama da wasu haruffa dabam. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Amma shaidar da ta fito daga wannan tambaya shaidar zur ce, ko da mai ita bai yi nufi ba.

Magani kuwa yana nan tun kafin a haifi yawancinmu. Wani masanin lissafi na Amurka, Stephen Kleene, shi ya tsara ƙa'idar a 1951, sa'an nan Ken Thompson ya shigar da ita cikin manhajar gyaran rubutu, ya bayyana hanyarsa a 1968. Masana kwamfuta suna kiranta rejeks. Asalinta shi ne, maimakon ka ba na'ura kalma, sai ka ba ta siffar abin da kake nema. Alamar da ta fi kowace fa'ida a gare mu ita ce sandar nan da ke tsaye, watau |, wadda ma'anarta “ko”: in ka rubuta Kabi|Kebbi|Kabbi, to duk inda ɗayan ukun ya faɗo za a nuna maka shi a tafiya ɗaya. In farkon kalmomin ɗaya ne, sai a killace wurin saɓanin da baka biyu, kamar G(wandu|ando). Alamar tambaya kuma tana nufin harafin da ke gabaninta ya halatta ya zo ko ya faɗi, saboda haka M(u|o)hamm(a|e)du?|Mamman zai tattaro maka Muhammadu da Muhammad da Mohammed da Muhammed da Mamman gaba ɗaya. Bambancin wannan da neman kalma ɗaya shi ne bambancin mai fatsa a bakin gaɓa da mai homa a tsakiyar kogin Matan Fada.

Sai dai akwai sharaɗi: mai neman Kabi zai tarar an kwaso masa duk wani Kabiru da ke cikin littafin, sai fa in ya sa alamar iyakar kalma gaba da baya, ya rubuta \b(Kabi|Kebbi)\b. Kayan aikin kuma ba su da tsada. Notepad++ kyauta ne tun fitowarsa a 2003, kuma zaɓi na uku a ƙasan akwatin nemansa shi ke buɗe wannan ƙofa. LibreOffice da Google Docs su ma suna da ita. Abin mamaki, Microsoft Word, wanda shi ne ya cika ofisoshinmu, yana da nasa alamomin amma bai san sandar “ko” ba, don haka sai an kwafe rubutun zuwa wani wuri.

Mas'alar haruffa masu lanƙwasa ita ma a nan take samun sauƙi. Tafiretocin da aka yi aiki da su shekara da shekaru ba su da ƙ da ɗ da ɓ, wayoyi da yawa ma haka, ga kuma maƙwabtanmu na Dosso da Gaya da ke rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Baka mai kusurwa, kamar [kƙ]asa, tana karɓar ko wanne daga cikin haruffan biyu.

To, wani zai ce, tun da na'ura tana iya nemo dukan waɗannan siffofi, me zai hana a umarce ta ta musanya su duka da siffa ɗaya, a huta? A nan ne nake ganin ya wajaba a ja linzami. Wanda ya mai da kowace “kasa” ta koma “ƙasa” ya ɓata duk jimlar da aka ce wani ya kasa biyan bashi. Wanda kuma ya gyara sunan manomi a rajistar ƙungiyar masu noman shinkafa, ya saɓa wa abin da ke kan katinsa na ɗan ƙasa, to ya haɗa bawan Allah da zirga-zirgar banki da kotun rantsuwa. Malaman da suka kwafe mana littattafan Abdullahi ɗan Fodiyo ba haka suka koya mana ba: sukan yi muƙabala da asali, in sun ga abin gyara su rubuta shi a gefen shafi, su bar matani yadda suka same shi, domin sun ɗauki nassi amana ce a hannun mai kwafi. A faɗaɗa nema iyakar iko, amma musanya a yi ta ɗaya bayan ɗaya, ido na gani. Kuma a sani, hoton takardar ajami ba ya nemuwa ta wannan hanya, sai wani ya zauna ya buga shi tukuna.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Makarantun koyon kwamfuta na Birnin Kebbi da Argungu su ware yamma ɗaya cikin manhajarsu don waɗannan alamomi biyar, gama ba su kai babi guda na nahawu wuya ba. Masana tarihi na masarautun Gwandu da Argungu kuma, tare da ma'aikatan Gidan Tarihi na Kanta da aka buɗe a Argungu a 1958, su haɗu su tsara fihirisar siffofin da aka taɓa rubuta sunayenmu da su, domin sandar “ko” ba ta nemo siffar da mai nema bai san da ita ba. Su fara da sunayen sarakuna, sa'an nan garuruwan fadama, daga Augie da Gulma har zuwa Ambursa da Kalgo da Bunza.